Kafin Ka Ce Mini “Ka Kalla”

Bara da damina Hajiya ta zo daga gida don ganin likitan ido, ta yi mana mako biyu. Ita ba ma'abociyar kallo ba ce, rediyo ne abokin hirarta tun muna yara. Amma bayan sallar isha'i takan fito falo da carbinta, jikoki su kewaye ta, ana ɗan taɓa hira. A irin wannan dare ne na tuna da wani shiri mai dogon zango da abokin aikina ya yi kwanaki yana yaba mini. Duk haɗuwarmu sai ya ce, “Malam, ka kalli abin nan kuwa? Wallahi ka kalla, ba za ka yi da-na-sani ba.” Na yarda da shi, don mutum ne mai hankali, mai iyali kamar ni. Na nemo shirin na kunna a talabijin. 'Yata mai shekara 14 tana zaune a ƙasa, ta jingina da ƙafar kakarta.

Ba a yi minti 20 ba aka hasko abin da ba zan iya rubutawa a nan ba. Rimot yana can kan tebur, kafin hannuna ya kai gare shi ido ya riga ya gani. Hajiya ba ta ce uffan ba. Ta dafa hannun kujera ta miƙe, ta ce za ta je ta yi shafa'i da wutiri, ta kamo hannun yarinyar suka shige ɗaki. Har ta koma gida ba ta sake zama a falon nan da dare ba. Da faɗa ta yi mini da ya fi mini sauƙi.

Washegari na tari abokin nawa, na ce, “Haba, me ya hana ka gaya mini?” Ya ce, “Au, wai wurin nan? Ai ni wucewa nake yi in an zo shi. A waya nake kallo, ni kaɗai.” Bai yi mini ƙarya ba. Labarin yana da daɗi kamar yadda ya faɗa. Sai dai ya faɗi rabi ya bar rabi, kuma rabin da ya bari shi ne wanda ya shafi gidana. Ni ma ina da nawa laifin, tunda ban duba ba na kunna wa iyali.

Tun daga ranar nake tunanin kalmar nan da muke jefa wa juna ba tare da mun auna ta ba: “ka kalla”, “ki kalla”. Ra'ayina shi ne, shawarar kallo amana ce kamar kowace shawara. Manzon Allah (SAW) ya ce wanda aka nemi shawararsa abin amincewa ne. Mun san wannan hadisi, mukan kawo shi in ana maganar aure ko kasuwanci, amma ba ma tuna shi idan muna tura wa ƙanwarmu sunan wani shiri. Alhali wanda ya ce ka kalli shiri abu uku yake nema a wurinka: lokacinka, kuɗinka, da izinin shigo da baƙo har tsakar gidanka.

A da ba mu da wannan damuwa. Tasha ɗaya ce ko biyu. Mu da muka tashi da Samanja a NTA Kaduna, da Karkuzu daga Jos, da Kuliya daga Kano, mun san cewa kafin abu ya iso gabanmu wani dattijo ya riga ya kalla, kuma shi ma iyalinsa za su gani. Unguwa guda takan taru a gidan mai talabijin, yaro da babba. A watan Janairun 2016 Netflix ya buɗe wa Najeriya ƙofa, tare da ƙasashe 130. Ga YouTube da ba shi da ƙarshe, ga sauran manhajojin kallo. Yanzu shirye-shiryen da ke cikin wayar yaro ɗan sakandare sun fi abin da tashoshin wancan zamani suka nuna tun daga buɗe su har yau. Dole wani ya zaɓa maka. To wane ne shi?

Na farko na'ura ce. Manhajar tana lura da abin da ka kalla, da inda ka tsaya, da abin da ka maimaita, sai ta jero maka makamantansa. Ma'aikatan Netflix da kansu sun taɓa bayyana cewa kusan kashi 80 cikin 100 na awannin da ake kallo a wurinsu daga abin da manhajar ta miƙo wa mutum ne, ba abin da ya shiga nema ba. A 2017 kuma shugaban kamfanin na lokacin, Reed Hastings, ya faɗa a fili cewa barci yana cikin abokan gasarsu. Ban ga laifinsa ba a matsayinsa na ɗan kasuwa, kowa ya san abin da ya fito nema. Amma ya kamata mu fahimci abin da maganar ke nufi. Na'urar da ke kunna maka kashi na gaba cikin 'yan daƙiƙu, tun ba ka yanke shawarar ci gaba ba, ba ta san da sallar asuba ba. Ba ta san mahaifiyarka na zaune a falo ba. Ba ta san kunya ba, kuma ba a ƙera ta don ta sani ba.

Na biyu shi ne yaron shagon tura fim. Wanda bai zauna a garuruwanmu ba ba zai san girman matsayinsa ba. Ɗan ƙaramin shago ne, kwamfuta ɗaya ko biyu, wayoyin caji sun harɗe a kan benci, janareto na kuka a waje. Mace za ta aiko yaro da memori da 'yan canji, saƙon kawai shi ne, “A sa mata mai daɗi.” Shi kuma ya loda abin da ake yayi: na Indiya mai fassarar Hausa, na Turkiyya, na Koriya, na gida. Yawancin mutanenmu ba su da katin biyan Netflix, wannan yaro shi ne Netflix ɗinsu. Na taɓa tambayar wani daga cikinsu ko yana kallon abin da yake turawa. Ya ce, “Yallaɓai, ina na ga lokaci? Wanda aka fi tambaya shi nake sawa.” Ke nan shi ma bin yayi yake, kamar na'urar.

Na uku mu ne: aboki, 'yar'uwa, maƙwabciya, abokin aiki. Mu kaɗai ne muka san wanda muke ba shawarar, mun san gidansa, mun san abin da zai iya ɗauka. Shi ya sa nauyin ya faɗo kanmu.

Bari in fara da lokaci, don shi ne aka fi rainawa. Ɗauki Ertugrul, shirin nan na Turkiyya da tashar TRT 1 ta nuna daga 2014 zuwa 2019. Zango biyar ne, kashi 150, kowane kashi kusan awa biyu. Wato wajen awa 300. Idan awa ɗaya kake kallo kullum ba fashi, sai ka yi wata goma. Wanda ya ce maka “ka kalli Ertugrul” wata goma na dararenka ya nema, ya kamata ya faɗa maka hakan tun farko. Ni ina son shirin, kuma ina ba da shawararsa. Ina son yadda ake ganin jarumi yana alwala yana salla, da yadda ake girmama uwa, da suturar matan, da yadda ake zaman shawara a tantin sarki. Shi ne irin abin da ya sa Imran Khan, lokacin yana firaministan Pakistan, ya sa aka fassara shi da Urdu aka nuna a tashar gwamnati a 2020. Amma idan na ba da shawararsa nakan haɗa da magana biyu. Akwai sara da suka da jini, har da fille kai, bai dace da ƙananan yara ba. Sannan ba littafin tarihi ba ne. Abin da tarihi ya adana game da Ertugrul, mahaifin Usman wanda ya kafa Daular Usmaniyya, kaɗan ne ƙwarai, mafi yawan abin da ake gani ƙirƙirar marubuta ne. Na sha jin samari a majalisa suna kafa hujja da shirin kamar sun karanta a wurin malami. Laifin wanda ya ce su kalla ne bai ƙara musu da wannan bayani ba.

Haka shirin Umar, na tarihin Sayyidina Umar ɗan Khaɗɗabi, wanda MBC ta nuna a azumin 2012, Hatem Ali ya ba da umarni. Aiki ne mai nauyi, an kashe masa dukiya, Larabcinsa tsantsa. Amma an nuna fuskokin halifofi huɗu a ciki, kuma malamai sun rabu a kan haka: Azhar ta ƙi amincewa, wasu malamai irin su Yusuf al-Ƙardawi kuma suna cikin waɗanda suka duba rubutun. Idan ka tura wa mutum ba ka gaya masa wannan ba, ka hana shi damar ya zaɓa da sani. Wataƙila shi yana bin fatawar da ta hana. Haƙƙinsa ne ya ji kafin ya kunna.

Sai kuɗi. A Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin waya su ƙara farashi da kashi 50 cikin 100. Idan kana son hoto ya fito tangaran a Netflix, awa ɗaya na iya cin data har giga 3. Ga kuɗin wata na manhajar, ga man janareto ko kuɗin caji. Ga mai ƙaramin albashi, shiri mai kashi ɗari ba ƙaramin abu ba ne, yana iya zama kuɗin cefanen kwanaki. Wannan ba ya bukatar dogon bayani, duk mai waya ya sani.

Abin da ya fi damuna shi ne na ukun, baƙon da ake shigowa da shi gida. A Satumban 2021 Squid Game ya fito daga Koriya ta Kudu, kashi tara, duniya ta ɗauka. Labarin mutum 456 ne da bashi ya yi wa katutu, suka shiga gasar wasannin yara don kuɗi, wanda ya faɗi a harbe shi nan take. Na manya ne, an rubuta hakan a jikinsa. Amma saboda launukansa masu kyau da 'yar tsana da wasan yara, iyaye da yawa sun ɗauka na yara ne. Na ga yara 'yan firamare a layinmu suna kwaikwayon wasan, ɗaya ya juya baya yana waƙa, in ya waiwayo ya nuna wanda ya motsa da yatsa, shi kuma ya zube ƙasa. Wani babba ne ya tura wa wani babba, wayar kuma ta kwana a hannun yaro. Babu wanda ya yi niyyar cutarwa a cikinsu. Kalma ɗaya ce aka rasa: “Kada yara su gani.”

Na san abin da wasu za su ce. Wasu za su ce a daina kallon gaba ɗaya, a huta. Ina girmama wanda ya iya haka a gidansa. Amma yaron da ka hana a falo zai gani a wayar abokinsa a bayan aji, ba tare da babban da zai ce masa wannan daidai ne, wancan ɓata ne ba. Wasu kuma za su ce ai aikin hukuma ne. Kano tana da hukumar tace fina-finai tun 2001, kuma a watan Mayun 2025 ta dakatar da shirye-shirye masu dogon zango 22, cikinsu har da Labarina da Daɗin Kowa, ta ce sai an kawo mata ta duba kafin a saki. Ko mutum ya goyi bayan matakin ko bai goya ba, abu ɗaya a fili yake: hannun hukumar yana kaiwa ga mai shirya fim a Zoo Road, ba ya kaiwa ga wanda ke Seoul ko Los Angeles. An tsaurara wa na gida, wanda galibi shi ne mai sauƙin, na waje kuma yana shigowa ta waya ba mai tambayarsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Tacewar da ta rage ita ce wadda muke yi wa junanmu da baki.

Ba kuma ina nufin duk shirin da ke da abu mai ɗaci a guje shi ba. Akwai wanda nake roƙon kowane uba da kowace uwa su kalla, bayan yara sun yi barci. Adolescence ake kiransa, na Birtaniya ne, ya fito a Netflix a Maris ɗin 2025. Kashi huɗu ne kacal, kowanne an ɗauke shi a jere ba tare da yanke kyamara ba. 'Yan sanda sun fasa ƙofar wani gida da asuba, sun kama yaro ɗan shekara 13 bisa zargin kashe wata yarinya 'yar makarantarsu. Uban mai aikin famfo ne, mai neman halalinsa, yana son ɗansa. Gidan ba na shaye-shaye ba ne, ba na duka ba. Yaron kullum yana ɗakinsa, ƙofa a rufe, yana gaban kwamfuta, iyayen suna ganin ai tunda yana gida yana cikin aminci. A can ne maganganun wasu maza a intanet game da mata, da gorin da yara ke yi wa juna da alamomin da manya ba sa ganewa, suka dafa shi. Kashi na ƙarshe, inda uban da uwar suka zauna a bakin gado suna tambayar juna ina suka yi sake, na kalle shi ƙirjina a cunkushe. Da ya ƙare na tashi na leƙa ɗakin yarana. Keir Starmer, firaministan Birtaniya a lokacin, ya goyi bayan a nuna shi kyauta a makarantun sakandaren ƙasar. Akwai ashar da yawa a ciki, akwai maganganun da ba za ka so yaro ya ji ba, shi ya sa na ce na iyaye ne. Amma mu da muke cewa “alhamdu lillahi, nawa ba ya fita ko'ina, kullum yana ɗaki da wayarsa”, da mu ake.

Chernobyl na HBO, 2019, kashi biyar, kan fashewar tashar nukiliya a Tarayyar Sobiyet a 1986, shi ma na manya ne. Duk wanda ya taɓa aiki a ofishin da ƙaramin ma'aikaci ke tsoron gaya wa oga gaskiya zai gane kansa a ciki. Akwai hotunan waɗanda suka ƙone, da wani wuri da aka nuna masu haƙar ma'adini tsirara. Ga shi na faɗa, saura zaɓi.

Wanda kuma yake neman abin da gida duka za a zauna, ina nuna masa tsohon shirin Koriya na 2003, Jewel in the Palace, kashi 54. Marainiya ce ta shiga fada tana 'yar aikin madafa, makirci ya fitar da ita, ta koyi aikin magani, ta dawo har ta zama likitar sarki. Fada ce mai kama da tamu, da gaisuwa da durƙuso da sanin girman na gaba, matan kuma a suturce. Yarinya mai tasowa za ta ga mace ta kai matsayi da haƙuri da ilimi.

Namu na gida fa? Ina ba da shawararsu, kuma da alfahari. Kwana Casa'in na Arewa24, da jiharsa ta ƙirƙira, Alfawa, ya nuna yadda ake sayen ɗan jarida da yadda asibitin gwamnati ke mutuwa, da harshen da kakata ma za ta gane. Daɗin Kowa ya daɗe yana kawo almajiri da ɗan gudun hijira da mai shaye-shaye cikin falonmu a matsayin mutane masu suna da dangi. Labarina na Aminu Saira ya ɗaga darajar hoto da sauti, Izzar So kuma ya tabbatar da cewa shirin Hausa zai iya rayuwa a YouTube kaɗai. Amma amana ta hana ni yin shiru a kan aibin da ya zama ruwan dare a shirye-shiryenmu: jan labari. Abin da zai ƙare a kashi 20 sai a kai shi 100, a yi minti biyar ana nuna mota tana shiga gida, a maimaita abin da ya faru makon jiya, saboda kowane kashi talla ce kuma kuɗi ne. Na fahimci dalili, masu shiryawa suna da ma'aikatan da za su biya. Duk da haka datar talaka ce ke tafiya. Idan zan ce wa mutum ya kalli ɗaya daga ciki, nakan gaya masa zangon da ya fi ƙarfi da inda labarin ya fara sanyi. Nakan kuma roƙe shi ya kalla a tashar masu shirin, don wanda aka tura a memori ko sisi ba ya kai musu.

Abin da nake nema bai da wuya. Idan za ka ce wa mutum ya kalli shiri, ka tabbata kai ka kalla, ba ji ka yi ana yayi ba. Ka gaya masa tsawonsa. Ka gaya masa da wa zai iya zama ya kalla: shi kaɗai, shi da matarsa, ko har da yara da iyaye. In akwai wurin da kai kake wucewa, to wannan wurin shi ne farkon abin da za ka ambata. Wanda aka ba shawarar shi ma ya taimaki kansa: kowace manhaja tana rubuta shekarun da shiri ya dace da su a gefen sunansa, ana iya buɗe wa yara nasu sashe a kulle na manya da lambar sirri, ana kuma iya kashe abin nan da ke kunna kashi na gaba da kansa. Minti biyar ya isa a yi duk wannan.

Bayan wata huɗu Hajiya ta dawo, aka yi mata aikin idon, aka dace. Kafin ta zo na nemo Our Planet, shirin halittun Allah mai kashi takwas da David Attenborough ya yi wa sharhi, wanda Netflix ya saka kyauta a YouTube tun 2020. Na zauna ni kaɗai na kalli kashin da zan kunna daga farko har ƙarshe. Daren da aka cire mata bandeji na ce, “Hajiya, ko za ki fito ki ga wani abu?” Ta yi jim, sannan ta fito. 'Yata ta zauna a wurinta na da, tana fassara mata abin da Baturen ke faɗa. Aka nuna giwaye suna ratsa hamada a Namibiya suna neman ruwa, uwa a gaba, ɗan ƙarami yana bin sawunta. Hajiya ta ajiye carbin a cinya, ta matso gaba.

“Ikon Allah,” in ji ta. “Ke, ce wa babanki ya mayar da shi baya, in sake ganin ɗan nan.”